Tunawa da Inna: Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864)

'Yan uwa ɗalibai, a wannan fitowa ta tunawa da magabata mun ɗauko uwa ce, wadda Sakkwatawa ke kira Inna, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙanta.

An haife ta a Ɗegel a 1793, tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hassan. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ke nan ta san barin gida tun tana yarinya. Ta ga yunwa, ta ga cuta, ta ga yadda aka rasa mahaddata da yawa a yaƙin Tsuntsuwa. Duk da wannan ɗawainiya karatu bai tsaya ba, har ta kai tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Ɗansu Abdulƙadir shi ma ya yi waziri, kuma daga tsatsonsu ne Waziri Junaidu ya fito, wanda ya adana rubuce-rubucenta masu yawa.

To amma ba 'ya'yan cikinta kaɗai ta raina ba. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da mata waɗanda ba su samu karatu ba, ga shi matar aure ba za ta bar ɗakinta ta tafi neman ilimi wani gari ba. Sai Nana ta nemo dabara. A wajajen 1830 ta kafa 'Yan Taru. Ta kan zaɓi dattijuwa mai hankali a ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta sa mata malfa da jan rawani. Jaji za ta tattaro tsofaffi da ƙananan 'yan mata su taho Sakkwato a ƙafa, su haddace waƙoƙin Nana, su koma gida su koya wa matan aure. A cikin waƙoƙin akwai tauhidi da tsarki da sallah da tarihin Annabi (SAW), har da sunayen surorin Alƙur'ani a jere. Zuma da man shanu da hatsin da suke kawo mata kuwa, mabuƙata take raba wa.

Tsawon rai yana zuwa da nasa nauyin. Ta ga rasuwar mahaifinta a 1817, ta Bello a 1837, sannan ta mijinta Giɗaɗo da ƙawarta A'isha. Ta yi wa Bello da Giɗaɗo da A'isha waƙoƙin makoki, kuma ba ta manta da jajinta Hauwa'u ba, ita ma ta yi mata nata. Malama 'yar babban gida ta zauna ta tsara wa matar ƙauye waƙar makoki, ai wannan kaɗai ya isa ya nuna irin uwar da take. Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta.

Aikinta bai mutu ba. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara rubuce-rubucenta suka buga a 1997, kuma a birnin Pittsburgh na Amurka wasu mata Musulmi sun kafa ƙungiya da sunan 'Yan Taru.

Mu da muka tsallako ƙasashen mutane neman ilimi, jaji ce ya kamata mu duba. Ita ba ta zuwa Sakkwato don ta zauna, zuwa take ta ɗauko ta kai wa waɗanda ba su da halin fitowa. Kowannenmu ya baro uwa ko ƙanwa ko ƙauye da ke jiran abin da zai kawo. Allah Ya gafarta wa Inna, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, Ya maida mu gida da ilimi mai amfani. Amin.