Ibrahim Imam, ɗan Barno da Tibi suka zaɓa

Duk fataken da ke shiga Maiduguri ta Gamboru ko ta Damasak sun san Yerwa. A nan aka haifi Malam Ibrahim Imam a 1916. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan ya kama aiki a En'e ta Barno, sashen gine-gine.

A zamanin, Jihar Arewa ta Najeriya majalisa biyu gare ta a Kaduna: ta Sarakuna a sama, ta wakilan jama'a a ƙasa. Ibrahim Imam shi ne babban sakataren NPC, jam'iyyar Sardauna, amma a 1954 ya ajiye muƙamin saboda saɓani kan ikon En'e. Barin inuwa irin wannan a lokacin ba ƙaramin kasada ba ne.

A zaɓen 1956 ya tsaya a Yerwa ƙarƙashin ƙungiyar samarin Barno, BYM, mai ƙawance da NEPU, ya kuma ci. Shi ya zama madugun 'yan adawa a majalisar. Daga nan fa zaman gida ya yi masa zafi, magoya bayansa suka sha tsangwama.

Da zaɓen 1961 ya zo, sai Joseph Tarka ya buɗe masa ƙofa a ƙasar Tibi. Ga shi Babarbare, Musulmi, ba yarensu ɗaya ba, amma mutanen Jemgbar suka jefa masa ƙuri'a, ya koma Kaduna da sunansu.

Allah ya yi masa rasuwa a 1980.