Resh Lakish, Ɗan Fashin Da Ya Zama Malami

Saminu ɗan Lakish, wanda Yahudawa suke kira Resh Lakish, ya yi zamani a Tibariya ta ƙasar Galili, a ƙarni na 3 bayan haihuwar Almasihu. Da ƙuruciyarsa ƙaƙƙarfa ne, ɗan fashi kuma. Talmud, babban littafin malaman Yahudawa, ya ba da labarin yadda ya tarar da Malam Yohanan yana wanka a Kogin Urdun. Yohanan ya ga irin ƙarfin nan ya fi dacewa da karatun Attaura, ya yi masa alkawarin auren 'yar'uwarsa in ya tuba. Ya kuwa tuba, ya aure ta, ya zama babban malami.

Mai karatu, mutumin da ya san jaraba haka ya isa a saurare shi. Game da labarin Ayuba, ya koyar cewa Shaiɗan, da mugun nufin da ke zuciyar mutum, da mala'ikan mutuwa, duka abu ɗaya ne. A wurin malaman Yahudawa Shaiɗan ba shi da mulkin kansa. Mai kai ƙara ne, ba ya taɓa kowa sai da izinin Allah, fagen yaƙin kuwa zuciya ce. Ya kuma koyar cewa tuba yakan mai da zunuban ganganci lada.

Ƙarshensa da ban tausayi. Wata rana suna gardama a kan lokacin da ake gama ƙera takobi da wuƙa, sai Yohanan ya yi masa gorin tsohuwar sana'arsa. Maganar ta soke shi, ya kwanta ciwo, ya rasu. Yohanan ya rasa mai kawo masa tambayoyi 24 a kan kowace magana tasa. Ya yi ta kuka har hankalinsa ya gushe, shi ma ya bi shi.