Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, Wakilin Da Ya Riƙe Ilmin Arewa Shekara Tara

Jama'a, labarin da za mu kawo muku yau na Alhaji Isa Kaita ne, ɗaya daga cikin mutanen da Lardin Katsina ya tura Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna, tun zamanin da Arewa duka jiha ɗaya ce, tun daga Sakkwato har Barno, har Ilori da Binuwai. A lokacin nan garuruwan kudancin Katsina, su Danja da Bakori da Funtuwa da Malumfashi, duk suna ƙarƙashin En'e ta Katsina, kuma abin da aka zartar a zauren Lugard Hall shi ke isowa gare su, ko maganar kuɗin auduga ce, ko ta hanya, ko ta makaranta. Saboda haka manomin wannan yanki yana da hakkin ya san abin da mutumin nan ya sa gaba, da kuma abin da ya bari a baya.

An haife shi a Katsina cikin 1912. Mahaifinsa, Malam Haruna, shi ne Wazirin Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, watau dai a gidan sarauta ya buɗe ido. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, makarantar nan da Turawa suka kafa don horon malamai, zamaninsu ɗaya da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam. Da ya gama sai aka ba shi koyarwa a Midil ta Katsina, ya yi ta riƙon alli har 1941.

A shekarar nan ne aka ɗauke shi zuwa Ankara, babban birnin Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana yanzu, shi da Malam Bello Dandago na Kano, don su riƙa karanta labarin yaƙin Hitila da Hausa a gidan rediyo. Aikin ba ƙarami ba ne. Samarin Arewa da yawa suna cikin soja, iyayensu na ƙishin labari, ga shi kuwa ƙasar Faransa da ke bayan Katsina, wajen Maraɗi, tana hannun gwamnatin da ke biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942, don haka Ingilishi suna so muryarsu ta riga ta abokan gaba shiga kunnen Hausawa. Can ya koyi yi wa jama'a bayanin al'amari mai wuya da magana mai sauƙi, abin da ya amfane shi ƙwarai da ya shiga siyasa. Ya komo gida cikin 1944, shekarar da Sarki Dikko ya rasu aka naɗa ɗansa Usman Nagogo, ya zama na hannun daman sabon Sarki wajen aikin ofis. Cikin 1948 aka aika da shi Exeter a Ingila ya koyo sha'anin mulki.

Zaɓen 1951, wanda ya kai shi Majalisa, ba irin wanda kuka sani ba ne yau. Hawa-hawa ake yinsa: masu biyan haraji su taru a ƙauye su fid da mutum, waɗanda aka fitar su taru a gunduma su sake zaɓe, haka har a kai ga taron lardi, inda En'e ke da ikon ƙara nata mutane. Mata kuwa ba su da ƙuri'a ko kaɗan, ba su same ta ba a Arewa sai bayan shekara ashirin da biyar. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi kuka da wannan tsari, ta ce an yi shi ne don 'ya'yan sarakuna da ma'aikatan En'e, kuma gaskiya kukan nata yana da tushe. Isa Kaita ta wannan ƙofa ya shiga, a jam'iyyar NPC, wadda yana cikin waɗanda suka kafa ta, ya kuma riƙe mata sakataren kuɗi. Ba ya cikin masu neman a rushe mulkin gargajiya. Ra'ayinsa shi ne a gyara shi daga ciki, a cika shi da mutane masu ilmi.

Cikin 1954, da Sardauna ya zama Firimiya, sai aka ba Isa Kaita Ministan Ayyuka, sa'an nan aka mai da shi Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa, wadda ke duba noma da dabbobi da daji. Nan ne aikinsa ya taɓa aljihun mutanen kudancin Katsina kai tsaye, domin ƙasar auduga ce: ga injin gurza a Funtuwa, ga wani a Malumfashi, ga gonar iri a Daudawa, ga reluwe da ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau yana kwasar kaya. Hukumar ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa cikin 1954, ita ke yanke kuɗin auduga da gyaɗa kowace kaka, tana saye ƙasa da abin da take sayarwa a Turai, rarar kuwa a ajiye don shekarar da kasuwa ta faɗi, a kuma zuba wani kashi cikin ayyukan raya ƙasa. Mai karatu ya riƙe wannan, gama kuɗin da aka gina makarantu da shi daga baya, gumin manomi na ciki.

Cikin 1957 Alhaji Aliyu Makaman Bida ya koma Ma'aikatar Kuɗi, Isa Kaita ya gaje shi a Ma'aikatar Ilmi, bai kuwa bar ta ba sai da soja suka karɓi mulki ran 15 ga Janairu 1966. Abin da ya tarar mai tayar da hankali ne. Mulkin kai ya ƙarato, Turawa na shirin tafiya, ofisoshin gwamnati da asibitoci da tashoshin jirgi cike da mutanen Kudu da baƙi, 'yan Arewa masu takardar sakandare kuwa ba su taka kara sun karya ba. Jihar Yamma ta riga ta fara ilmin firamare kyauta ga kowane yaro tun 1955, Jihar Gabas ta bi sahu cikin 1957. Da yawa sun so Arewa ma ta yi haka.

Gwamnatin Sardauna ba ta yi ba, kuma Isa Kaita shi ne ya ɗauki nauyin kāre wannan shawara a gaban Majalisa. Hujjarsu ita ce aji ba malami ɗaki ne kawai. In an tara yara dubbai aka damƙa su ga wanda shi kansa bai ƙware ba, an ɓata kuɗi, an kuma ƙara wa iyaye ƙyamar boko, alhali da ma ba so suke ba. Jihar Gabas ma ba ta jima ba ta komo da biyan kuɗin makaranta, don baitulmalinta ya kasa. Saboda haka aka ba da ƙarfi ga makarantun horon malamai da na sakandare na larduna, waɗanda suka maye gurbin Midil, da tura ɗalibai Ingila da sauran ƙasashe da kuɗin gwamnati. Dokar ilmi ta 1962 ta shirya hukumomin ilmi na ƙananan yankuna don su riƙe firamare. A shekarar nan kuma aka buɗe babbar kwalejin horon malamai a Zariya, sa'an nan ran 4 ga Oktoba aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, tsohuwar tashar binciken noma ta Samaru ta shiga ƙarƙashinta. Daga Danja zuwa can ba wata tafiya ce mai nisa ba.

To, shawarar nan ta yi rana, amma fa tana da tsada, kuma ba kowa ya biya ba sai talakan ƙauye. Ta yi rana domin yaran da suka bi ta makarantun nan su ne suka riƙe ma'aikatu da soja da kotuna da jami'o'i bayan tafiyar Turawa, ba don su ba da jihohin da aka yanka cikin 1967 sun rasa masu tafiyar da su. Tsadarta kuwa, har ranar da ya bar ofis yawancin yaran Arewa ba su taɓa taka ƙofar aji ba, balle 'yan mata. Yaron da ubansa ke kai auduga kasuwa a kan jaki, in garinsu ba elementare, ko kuwa dagaci bai sa sunansa ba, shi ke nan, sai fartanya. Ilmin firamare na kowa da kowa bai iso ƙauyukan nan ba sai 1976, a hannun gwamnatin soja, kuma da ya zo, ƙarancin malaman da Waziri ya ji tsoro shi ne ya fara kayar da shi. A ganinmu ya yi daidai da ya fara da malami, amma tafiyar ta yi jinkiri fiye da yadda bukata ta kai, kuma an bar zaɓen yaran da za su shiga a hannun hakimai da dagatai fiye da kima.

Wajen sarauta, ya riƙe Madawakin Katsina, daga baya aka naɗa shi Waziri, sarautar mahaifinsa. Bayan juyin mulki ya zauna a Kaduna yana harka da kamfanoni. A zamanin Shugaba Shehu Shagari aka ba shi shugabancin hukumar kula da ɗa'ar ma'aikata, yana kuma cikin dattawan da suka dage sai an raba Katsina da Kaduna, abin da ya tabbata ran 23 ga Satumba 1987. Ya rasu cikin watan Nuwamba 1994, yana da shekara 82, Allah ya ji ƙansa. Akwai titi mai sunansa a Kaduna, kwalejin horon malamai ta Jihar Katsina da ke Dutsin-Ma ita ma sunansa take amsawa.