Karl Schwarzschild da baƙin rami

An haifi Karl Schwarzschild a birnin Frankfurt, ƙasar Jamus, ran 9 ga watan Oktoba 1873. Tun yana ƙarami yake son kallon taurari da yin lissafi. Yana da shekara 16 aka buga aikinsa na farko a kan tafiyar taurari. A 1901 ya zama shugaban gidan duba taurari na Göttingen, a 1909 kuma aka ba shi na Potsdam.

A 1914 yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Karl ya kai shekara 40, ga mata ga ƴaƴa. Ba wanda ya tilasta masa, amma ya shiga soja. Aka sa shi lissafin inda harsashin igwa zai faɗa. Daga baya aka tura shi bakin daga a Rasha. A can wani mugun ciwon fata ya kama shi, wanda likitocin zamanin ba su san maganinsa ba.

Cikin watan Nuwamba 1915, wani masani mai suna Albert Einstein ya fito da sabon bayani a kan ƙarfin ja. Wannan ƙarfi ne ke sa dutse ya dawo ƙasa in an jefa shi sama. Lissafin yana da wuya ƙwarai, Einstein kansa bai warware shi sarai ba. Karl ya duƙufa a kai, ga sanyi ga yaƙi. Ran 22 ga Disamba ya aika masa da amsa cikin wasiƙa. Einstein ya yi mamaki, ya gabatar da aikin gaban taron masana a Berlin.

Akwai abin al'ajabi cikin lissafin nan. In aka matse abu mai nauyi ya ƙanƙance sosai, ƙarfin jansa sai ya hana kome fita, har haske. Da za a dunƙule duniya duka ta koma kamar ɗan magarya, da haka za ta zama. Irin wannan wuri ake kira baƙin rami.

Ciwo ya tsananta, aka mai da Karl gida. Ya mutu ran 11 ga Mayu 1916, yana da shekara 42. Masana suka daɗe suna shakkar ko akwai baƙin rami a samaniya.

Yau an tabbatar akwai shi. Taurari suna zama garke garke, manyan garkuna kuwa suna da ƙaton baƙin rami a tsakiyarsu. Na garken da rana take ciki ya kai nauyin rana miliyan 4. Ramin yana girma in ya haɗiye iskar da ke kewaye da shi, ko in garke biyu sun haɗu ramukansu sun game. Garkunan ma suna taruwa gungu gungu, a cibiyar gungu kuma ake samun ramuka mafi girma. A 2019 aka nuna hoton farko na baƙin rami. Yana cikin garken M87, nauyinsa ya kai na rana miliyan 6500. Faɗin inuwarsa ya dace da abin da lissafi ya nuna, shekara 103 bayan mutuwar Karl.

Tambayoyi
1. Wane aiki Karl ya yi a soja?
2. Me ya sa haske ba ya fita daga baƙin rami?
3. Ta yaya baƙin rami yake girma?