Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Masallacin Zariya

Duk wanda ya taɓa rufa ɗakin ƙasa ya san azara ba ta ƙetare faɗi mai yawa. In aka matsa mata, sai ta lanƙwashe. Iya shawo kan wannan matsala shi ya sa aka laƙaba wa Muhammadu Durugu sunan Babban Gwani.

Marigayin ya rayu a zamanin Daular Sakkwato. Aikin da ya ɗaukaka sunansa shi ne Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda ya gina wa Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Sarki ya ba da masu kwaɓa da masu tubali, tsarin ginin kuwa nasa ne. Labarin da aka gada ya nuna cewa da rana ma'aikata ke tara masa kayan aiki, shi kuma sai dare ya yi yake hawa gini.

Ga yadda dabarar take. Akan jera gajerun azarorin giginya hawa-hawa daga ginshiƙai biyu, kowane jeri ya ɗan zarce na ƙasa da shi, a ɗaure su tamau, har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da laka. Wannan shi ne bakan gizo. Inda bakuna suka gitta juna, a nan ake ɗora tulluwa. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, amma a ganinmu babu maginin Hausa da ya kai ta inda ya kai ta: nauyin rufi na sauka kan ginshiƙai, sahun masallata ya samu fili.

Shi ake danganta wa Gidan Madaki na Kafin Madaki, a ƙasar Bauci, ginin 1860. Ana kuma ba da labarin cewa bayan ya gina masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani irinsa. Zuriyarsa ta gaji sarautar Sarkin Magina a Zazzau.

A shekarun 1970 aka kewaye masallacin Zariya da ginin siminti, aka bar bakunansa a ciki. A nan Nijar kuwa, da laka da itace Falke Barmu ya soma masallacin Yama na jihar Tawa a 1962, wanda ya samu kyautar Aga Khan a 1986.