Alhasan Ɗantata: attajirin da bai rufe ƙofa ba

Ƴan kasuwa, maza da mata, yau za mu waiwayi rayuwar Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, ƙasar Kano, a 1877. Yana yaro mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta tafi fatauci Ankara, a ƙasar Gana ta yanzu. Da ya girma sai ya kama fataucin goro tsakanin can da Kano.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gujiya ya buɗe. Amma kamfanonin Turawa ne ke riƙe da jari, da jiragen ruwa, da hanyar kai kaya Turai. Baƙin mutum iyakarsa ya sayo musu. Ɗantata kansa ta nan ya bi: a 1918 ya zama mai sayen gujiya na kamfanin Niger Company. Duk da dukiyarsa, sai a farkon shekarun 1950 ya samu lasisin zama babban mai saye da sunansa.

Me ke sa wanda ya samu ya tare hanya? Tsoro ne: yana ganin in yaronsa ya san inda ake saro kaya, gobe zai ƙwace masa ciniki. Ɗantata ya yi wani lissafi dabam. Yakan ba yaransa kuɗɗi tun kafin kaka, su shiga ƙauyuka su sayo gujiya, su ci ribarsu, shi ma ya ci tasa. Yawan yaran nan ne ya sa kayansa suka fi na kowa. A 1929, da bankin Turawan Ingila ya buɗe a Kano, raƙuma 20 suka kai masa kuɗɗinsa na azurfa. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin mafi arzikin Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote daga zuriyarsa ya fito.

Mu nan Maraɗi da Damagaram mun san wannan tsari na ubangida da bara. Alhazai da dama ta nan suka tashi. To, ke mai rumfa, yarinyar da ke miki talla shekara biyar, kin taɓa nuna mata inda kike sari? Kai Alhaji, yaushe za ka ba yaronka jari ya tsaya da ƙafarsa?

Allah ya jiƙan Alhasan Ɗantata, ya sa albarka a kasuwanninmu.