Marigayi John Kemeny, Malamin Da Ya Kai Kwamfuta Ajin 'Yan Koyo

An haifi John Kemeny ran 31 ga watan Mayu, 1926, a birnin Budafest na ƙasar Hangari. Iyayensa Yahudawa ne. Da fitinar Hitila ta matso, sai mahaifinsa ya yi ƙaura zuwa Amurka, iyalin kuma suka bi shi cikin 1940. Kakansa da ya ƙi tashi ya hallaka a kisan gillar da aka yi wa Yahudawa.

Yaron ya sauka birnin New York yana da shekara 13, baƙo, ba ya jin Turanci. Amma bayan shekara 3 shi ne ya zo na ɗaya a ajinsu na sakandare. Cikin 1943 ya shiga Jami'ar Princeton karatun lissafi. Ana cikin haka aka ɗauke shi soja, aka tura shi Los Alamos, inda ake ƙera bam ɗin nukiliya, ya yi aikin lissafi da injuna. Da ya koma jami'a, sai Albert Einstein ya ɗauke shi mataimaki. Ya sami digirin dakta cikin 1949, yana da shekara 23.

Cikin 1953 ya kama koyarwa a Kwalejin Dartmouth da ke Jihar New Hampshire. A zamanin nan kwamfuta sai ƙwararru. Mai son aiki da ita sai ya rubuta umurninsa a jikin katuna masu huji, ya miƙa wa ma'aikata, ya jira sa'o'i ko kwana guda. In ya yi kuskuren harafi ɗaya, to, sai ya sake bin layi. Ɗan koyo kuwa da kuskure yake koyo, saboda haka wannan jira ya isa ya kashe masa gwiwa.

Kemeny da abokin aikinsa Thomas Kurtz suka ƙudura cewa kowane ɗalibi, ko mai karatun tarihi ne ko na adabi, ya kamata ya iya ba kwamfuta umurni. Suka yi dabara biyu. Ta farko, suka shirya yadda mutane da yawa za su yi aiki da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, kowa na zaune gaban nasa tafireta, tana zagayawa tsakaninsu da sauri har kowa ya ga kamar shi kaɗai take saurara. Ta biyu, suka ƙago sabon harshen umurni mai suna BASIC, watau harshen 'yan koyo. Umurninsa na farko ba su kai 20 ba, kuma kalmomin Turanci ne na yau da kullum, kamar na cewa buga, ko idan, ko je wuri kaza. Kowane layi da lambarsa, kwamfuta na bi daki-daki. Ɗaliban kwalejin ne suka yi yawancin aikin haɗawa, aka kuma fara gwada shi da asubar 1 ga Mayu, 1964.

Ba su sayar da BASIC ba, kyauta suka bayar. Ya bazu makarantu, har cikin 1975 Bill Gates da Paul Allen suka fara kamfanin Microsoft da wani nau'insa. Wasu masana sun soke shi, suna ganin yana saba wa ɗalibi da rubutu marar tsari. Kemeny da Kurtz su ma ba su ji daɗin yadda kamfanoni suka yi ta sāke shi ba, don haka cikin 1983 suka kafa kamfani don fitar da gyararre mai suna True BASIC.

Daga 1970 zuwa 1981 Kemeny ya shugabanci kwalejin, amma bai daina shiga aji ba. A hannunsa ne aka fara ɗaukar mata ɗalibai cikin 1972, bayan shekara fiye da 200 ana ɗaukar maza kaɗai. Cikin 1979 Shugaba Carter ya naɗa shi jagoran hukumar binciken haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island.

Ya rasu ran 26 ga Disamba, 1992, yana da shekara 66. Yau wasu harsuna irin su Python sun karɓe wurin BASIC a ajin 'yan koyo, amma hanyar da ya shata ita ake bi: a ba ɗalibi umurni kaɗan, ya gwada da hannunsa, ya ga kuskurensa nan take, ya gyara.